Muhawara: Samfurin kwamfuta zai iya korar tulin takardu daga manyan ayyukan injiniya?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum jama'a. Ni dai a ganina zamanin tsara jirgin sama ko tauraron ɗan'adam da tulin takardu ya wuce. Hanyar da ake kira MBSE ita ce mafita: a gina samfuri guda a kwamfuta, a zuba buƙatun aikin da sassansa da yadda kowane sashe ke haɗuwa da ɗan'uwansa, kowa ya riƙa ɗiba daga nan. Da haka aka yi a 1999, da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ba ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter ba. Manhajar Lockheed Martin, kamfanin da ya ƙera kumbon, tana fitar da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, mutanen JPL, wata cibiyar NASA, suna ɗaukarsa a matsayin wani ma'aunin daban mai suna niyuton, kumbon ya matsa kusa da Mars fiye da kima, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Tsohon Injiniya: Wa alaikumus salam. Yaro, ai takardar da ta ce a yi aiki da niyuton tana nan a rubuce, bin ta ne ba a yi ba. Wanda ya tsallake takarda, me zai hana shi tsallake samfuri?

Ɗan Samaru: Ranka ya daɗe, takarda ba ta ihu. A SysML, harshen da ake gina irin wannan samfuri da shi, ana maƙala wa kowane adadi ma'auninsa, in ka haɗa fam da niyuton manhaja za ta iya taka maka birki.

Tsohon Injiniya: To ga jirgin A380 na kamfanin Airbus. A kwamfuta aka zana shi. Injiniyoyin Hamburg a Jamus suna aiki da manhajar zane ta CATIA 4, na Toulouse a Faransa suna kan CATIA 5. Jirgin na ɗauke da wayoyin lantarki sama da kilomita 500, da aka zo shigar da su sai ga wasu sun gaza kaiwa inda za a jona. Dole aka riƙa zarewa ana sake ja da hannu. Kusan shekara biyu aka yi jinkiri, sai Oktoban 2007 Singapore Airlines ya karɓi na farko.

Malam na Jami'a: Allah ya ja da ran Baba, wannan misalin ai Ɗan Samaru ka taimaka wa. Airbus samfuri biyu ke gare shi waɗanda ba sa jin yaren juna, shi kuwa guda ɗaya yake kira a yi. Sannan CATIA siffa take zanawa, tsawo da faɗi da kauri. Da ita Boeing ya zana jirgin 777 da ya fara tashi a 1994. MBSE tambayarsa daban: in na canza wannan batir, waɗanne buƙatu na taɓa, wane gwaji ne ya tashi a banza?

Hajiya Injiniya: Malam, a allo duk haka ne. A wurin da nake aiki an sayi lasisin manhaja da kuɗi masu yawa, an tura mutum biyu horo, ɗaya ya samu aiki a waje ya tafi. Ranar bita kuma mai aikin ya ce shi takarda yake so, da sa hannu da hatimi. Muka fitar da samfurin a PDF. Gyare-gyaren da aka yi a taron duk a kan takarda aka yi su da jan biro, babu wanda ya mayar da su cikin samfurin. Kafin a ankara muna da gaskiya biyu, masu haɗa kaya na bin ɗaya, masu gwaji na bin ɗaya.

Ɗan Samaru: Yaya Hajiya, wannan laifin shugabanci ne, ba na hanyar ba.

Hajiya Injiniya: Ƙanena, hanyar da ba ta jure shugabannin da ake da su, wa za ta yi wa aiki?

Malam na Jami'a: Ma'aikatar tsaron Amurka ma sai da ta fitar da manufa a kan haka a 2018, don ta san in mai biyan kuɗi bai nemi samfuri ba, ɗan kwangila ba zai kula da shi ba. Ɗan Samaru, sauko da Capella, manhajar MBSE ce, kyauta ce, daga kamfanin Thales ta fito. Gwada ta a kan rijiyar burtsatse mai sola: famfo, farantin sola, tanki, na'urar kashewa in ruwa ya cika. Ka kawo mana nan.

Tsohon Injiniya: Ya haɗo da lissafin kwanakin hazo. In samfurin bai san ƙurar hunturu na rufe faranti ba, ba zan sa hannu ba.