Ta ina za a fara koyar da juyin halitta?

Malamar sakandare, Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina koyar da ilimin halittu, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai ke haddace darasin gado daban, na cututtuka daban, na rabe-raben dabbobi daban, sannan su ɗauki juyin halitta, wato yadda halittu ke sauyawa sannu a hankali daga zuri'a zuwa zuri'a, a matsayin babin ƙarshe da ake karantawa don jarrabawa kawai, alhali shi ne ya haɗa sauran duka. Wane misali za ku ba ni shawara in fara da shi?

Likita, Kano: Wa alaikumus salam, Malama. Shawarata ki fara da sikila, domin da wuya a sami ɗalibin da bai ji ana maganar gwajin jini kafin aure ba. Ki tambaye su: idan mai SS yana shan irin wahalar da muke gani a asibiti, me ya sa ƙwayar gadon ba ta ɓace ba, har ma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da AS? A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka, cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da zazzaɓin ke kashe yara, masu AS sun fi rayuwa su girma su haihu, don haka ƙwayar ta ci gaba da yaɗuwa duk da illarta. A tambaya ɗaya kin haɗa musu gado, jini, sauro da taswirar Afirka.

Malamin gona, Maraɗi: Dakta ya kawo misali mai ƙarfi, amma ina ganin sikila za ta yi wa mafari nauyi, musamman idan akwai mai ciwon a ajin. Ni da gero zan fara. Manomi yana ware zangarniyar da ta fi cika da tsawo, ya rataye ta daban don irin baɗi, kuma haka kakanni suka yi ta yi har geron daji mai zubar da ƙwayarsa ƙasa ya zama wanda ke riƙe ta har ranar girbi. An gano ragowar geron noma na kimanin shekara 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali. Charles Darwin ma, masanin da ya yi fice wajen bayanin juyin halitta, a littafinsa na 1859, da zaɓin da masu kiwo ke yi ya buɗe magana, ya tsaya sosai a kan tantabaru, kafin ya ce yanayi yana yin irin wannan zaɓi ba tare da hannun mutum ba.

Likita, Kano: Na yarda da kai, Malam, a kan kula da zuciyar yaron da ke fama da ciwon. To bayan gero, Malama, ki kawo kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Iyayen ɗalibanki sun sha shi ya yi musu aiki, sannan ya daina. Ƙwayar zazzaɓin da ke jure masa ta ɓulla a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta iso Gabashin Afirka wajen 1978, daga baya ta game nahiyar, har aka koma haɗaɗɗun magungunan zazzaɓi da ake kira ACT. Ki jaddada musu cewa maganin bai koya wa ƙwayar juriya ba. Masu juriyar ne suka tsira suka hayayyafa bayan ya kashe sauran. Nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure.

Ɗalibin jami'a, Sakkwato: Malamai, a yi mini izini in ƙara ɗaya. Abin da ya gamsar da ni cewa rayuwa tana da tushe guda shi ne insulin, sinadarin da ake yi wa masu ciwon suga allurarsa. Tun 1982 ake sayar da insulin irin na mutum wanda ƙwayar bakteriya ta E. coli ke haɗawa, domin tana karanta umarnin DNA ɗinmu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadonmu, da ƙa'ida iri ɗaya da tamu. Haka kuma, idan an tashi maganar ƙasusuwan da suka daskare a duwatsu, a ambaci Tiktaalik, kifin da aka tono a arewacin Kanada a 2004, wanda ke da wuya da ƙasusuwa masu kama da na hannu a cikin fiffikensa, an nemo shi ne a duwatsun shekara miliyan 375 da masu binciken suka yi hasashe tun kafin su je.

Malamar sakandare, Zariya: Allah ya saka da alheri. Zan fara da gero a zangon farko, in ajiye sikila sai mun gama darasin Mendel na ƙa'idojin gado, domin su iya zana haɗuwar AS da AS da kansu. Malam na Maraɗi, idan kana iya samo mini zangarniyar geron daji da ta noma in ɗora su a kan tebur ɗaya, ka yi mini magana kafin a koma makaranta.