Mai famfo ya ce a yanke katako don tanki ya shiga silin

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Gidana ba fili, katanga ta matse ni ta ko'ina, sai na ce bari in sa tankin ruwa mai lita 500 a cikin rufi, saitin banɗaki. Mun gwada ta ƙofar silin ya ƙi shiga, don ƙafa biyu ne kacal tsakanin katakan. Mai famfo ya ce a yanke dogon katakon nan da ya gitta daga bango zuwa bango, in tanki ya wuce a mayar a buga ƙusa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Masu sani, me kuka gani?

Kafinta:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari zarto ya taɓa wannan katakon. Ƙananan da ka auna ƙafa bibbiyu, nogin ne, silin kawai suke riƙewa, ana cire su a mayar ba komai. Dogon kuwa shi muke cewa taibim. Aikin igiya yake yi, yana ɗaure ƙafafun rafta biyu, wato katakan da suka tashi a karkace suka haɗu a ƙolin rufi, don kada nauyin kwano ya buɗe su. Abin da ake ja ta kowane gefe, ƙusa huɗu ba za su haɗa shi ya koma yadda yake ba. Yau ba za ka ga komai ba, sai iskar farkon damina ta zo, tsakiyar rufi ya lotsa, bango ya fara tsagewa daga sama. Shi mai famfo lokacin ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. In dole sai tanki ya shiga, a auna tsakanin taibim biyu, in faɗin ya isa a kwance nogin da silin ɗin wurin.

Injiniya:
Shigarwar ma ita ce mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tankinka in ya cika ya kai buhun siminti 10. Katakon rufi ba don wannan aka yi shi ba, balle in gara ta fara ci. Sai dai ya zauna a kan ƙarfe da aka gitta bisa bango biyu masu ƙwari, kuma wani ya zo ya duba bangon da idonsa tukuna.

Wata Hajiya:
Mu mun yi, mun sha wuya. Bawul ɗin da ke tsayar da ruwa ya lalace cikin dare, da asuba silin POP ɗin falo yana ƙasa. Ka sa faranti a ƙarƙashin tankin da bututun da zai fitar da rara waje. Ga shi da bazara ruwan kamar an dafa.

Wani ɗan uwa:
Ba lungu ko kaɗan? Mai walda ya yi maka hasumiyar ƙarfe mana, mutane su riƙa wucewa ta ƙasanta.

Mai tambaya:
Akwai ɗan lungu bayan kicin, wallahi ban kawo shi a rai ba. Gobe zan hau in yi awon taibim ɗin, in gwada lungun ma. Allah ya saka da alheri.

Kafinta:
Amin. Ka hau da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, ka kashe wuta har da inbata, wayoyi suna nan shimfiɗe a ciki. Ka tafi da falanki ka gitta bisa taibim ka taka, nogin ba ya ɗaukar mutum.