Manhaja ko mutum: wa ya kamata sabon shiga ya saurara kan zuba jari?

Injiniya: Jama'a, ina nan a kan bakana. Wanda bai san kan hannun jari ba, gara masa manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ya je wurin mai ba da shawara. Irin su Betterment da Wealthfront, manhajojin zuba jari na Amurka, kusan kashi 0.25 cikin ɗari na kuɗin da ka zuba suke karɓa a shekara, mutum kuwa yakan yanki kashi 1.

Malam Akawu: Sannu a hankali, Injiniya. Abin da kake kira basira, galibinsa lissafin masanin tattalin arziki Harry Markowitz ne na 1952, wato raba ƙafa. Manhajar ta tambaye ka shekarunka, yaushe za ka buƙaci kuɗin, ko za ka jure asara, sai ta kasa maka tsakanin hannun jari da takardun lamuni. Shi ke nan fa.

Hajiya: Tambayar jure asarar nan ce ke ba ni dariya. A kan fom kowa jarumi ne. Amma a Maris 2020, da S&P 500, wato ma'aunin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, ta zube da kusan kashi ɗaya bisa uku cikin makonni biyar, sabon shiga yana kallon wayarsa ja wur, yatsa na rawa a kan maɓallin sayarwa. Wa zai ce masa ya dakata?

Injiniya: Ranki ya daɗe, ai nan sabuwar fasahar za ta yi rana. Ta lura yana ta leƙa asusunsa tsakar dare, ta yi masa bayani da harshen da yake ji kafin ya danna.

Malam Akawu: To, wa ke da manhajar? A 2022 kamfanin zuba jari na Charles Schwab ya biya dala miliyan 187 bayan hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta ce manhajarsa tana ajiye wa mutane tsabar kuɗi masu yawa, bankin kamfanin na cin ribarsu. A 2024 kuma hukumar ta ci tarar kamfanonin ba da shawara Delphia da Global Predictions kan kurin basirar da ba su da ita. Wadda ta san lokacin da kake tsoro, ta san lokacin da za ta tallata maka hajar ubangidanta.

Auta: Ni dai farawa zan yi, Hajiya. In tambayi ChatGPT?

Hajiya: Ya fassara maka kalmomi, ƙanina, amma yakan ƙaga alƙaluma ba ko kunya. Duba rajistar kamfanin da kuɗin da suke cira tukuna.

Injiniya: Malam, shi mutumin ba ya cin kamasho ne?