Wa ya taɓa aikin gonar alfaka a lokacin sanyi? Ku zo mu ji

Bakano a Ontariyo

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwanana 16 da fara aiki a wata 'yar gona a kudancin Ontariyo ta ƙasar Kanada, tafiyar kamar awa biyu daga Toronto. Alfaka 14 ne (wata dabba ce mai yawan gashi, dangin raƙumi), sai ɗakunan leda biyu na ganye, da rumbun ƙarƙashin ƙasa da ake ajiye dankali da karas. Masu gonar mata da miji ne, duk sun manyanta, ni ne mai jini a jika. Da na karɓi aikin cewa na yi tunda ƙanƙara ta rufe ƙasa ai zaman shan shayi za a yi. Ashe ban san dawan garin ba.

Shida da rabi nake fita da tocila a goshi, don rana ba ta fitowa sai wajen takwas saura kwata. Abu na farko ruwa. Bokiti biyu suna da waya mai ɗumama su, sauran sai na fasa ƙanƙarar da guduma. Daga nan ingirici, sannan kwasar kashi da shebur da baro. Shekaranjiya na manta ban tsiyaye tiyo ba bayan na gama, da safe na tarar ya sandare kamar sanda. Da hannu na yi ta jigilar ruwa daga kicin, tsohon yana tsaye yana kallona bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi zafi.

Waɗanda suka riga ni, don Allah me kuka gani? Me ya fi ba ku wuya?

Maman Biyu

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kai gode wa Allah ka samu dusar ƙanƙara. Na yi hunturu biyu a wata gona kusa da Abadin, can arewacin Sikotilan, lokacin da maigidana yake karatu. Mu ruwa ne da iska da taɓo. Busasshen sanyi bai dami alfaka ba, gashin nan nasu ya fi bargo goma. Abin da ke kayar da su shi ne su jiƙe har fata, iska kuma ta biyo baya. Akwai wata tsohuwar alfaka mace da muke sa wa riga irin ta doki duk daren da aka yi ruwa, kuma kullum sai mun yi kokawa da ita.

Bakin ƙofar rumfarsu kuwa taɓo ya kai ƙauri. Sau biyu takalmin roba yana maƙalewa ina fitowa da safa kawai. Kuma tsayuwa cikin taɓon na sa musu ciwo a tsakanin yatsu, don haka duk mako sai an ɗaga ƙafa an duba.

Amma gaskiya abin da ya fi ruɗa ni salla ce. A watan Disamba azahar sha biyu da 'yan mintoci, la'asar wajen ɗaya da rabi, magariba uku da rabi. Kana cikin kwasar kashi sai ka ga lokaci biyu na neman kuɓuce maka. Na koma ajiye darduma da tsaftatacciyar riga a ɗakin ingirici, in yi alwala a gida in sa safa mai kauri. Ramuwar azumi dai na same ta da araha, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Ɗan Agadas

Ni da na fara ganinsu a Bavariya, kudancin Jamus, dariya na yi. Na ce wannan ai raƙumi ne da aka hana shi girma aka ƙwace masa tozo. Kuma da gaske danginsa ne. Duba leɓen sama a tsage, duba tafin ƙafa mai laushi da yatsu biyu ba kofato, duba yadda yake gurfana ya naɗe ƙafafu yana tuƙa. Na tashi cikin raƙuman kakana, shi ya sa mai gonar ta bar mini yankan farce tun mako na biyu.

Inda suka rabu da raƙumi, alfaka ba ya ɗaukar kaya, kuma ba ya jure ƙishi irin na namu. Idan ruwa ya yi sanyi da yawa sai su rage sha, ga busasshiyar ciyawa suna ci, sai ciki ya cushe. Mu ruwan ɗumi muke kai musu safe da yamma. Malam Bakano, kada ka tsaya ga fasa ƙanƙara kaɗai, ka riƙa lura da yawan abin da suka sha.

Tofin kuma, yawanci junansu suke yi wa a kan abinci. Kai dai kada ka shiga tsakani. Idan ka ga kunnuwa sun kwanta baya, haɓa ta ɗaga sama, ka kauce. Ba yawu ba ne, koren abin da ke cikin tumbi ne, kuma warinsa sai ka wanke hula sau biyu.

Na Gidan Sarki

Wato kun bar awakin gida kun tafi Turai kuna yi wa ƙanen raƙumi hidima. Allah ya ba da lada. Tambayata ɗaya, ana cinsa?

Ɗan Agadas

A Feru, can Kudancin Amurka, ana ci, har kilishinsa suke yi. A gonar da na zauna kuwa ko da wasa ka faɗi haka, ranar za ka haɗa jakarka. Kowanne da sunansa.

Bazazzagiya

Ni karatun likitan dabbobi ya kai ni, na yi wata uku ina bin gonaki a Wels ta Birtaniya. Abu biyu zan ƙara.

Na farko, gashin yana yaudara. Dabba za ta rame ƙashi da fata, kai kana ganinta ɓul-ɓul kamar matashin kai. Sai ka sa hannu a gadon baya, tsakanin kafaɗa da ƙugu, ka ji ko ƙashin ya fito kamar tsinin rufin kwano. Mun taɓa zuwa wata gona, mai ita tana rantsuwa dabbobinta lafiya lau, na taɓa wata mai shayarwa sai da gabana ya faɗi. Manyan ne ke ture ta daga wurin ci, ba wanda ya lura. Babba mai kilo 70 yana cin ingirici wajen kilo ɗaya da rabi a rana, amma lissafin banza ne idan ba kowa ke kaiwa gare shi ba. A rarraba wurin cin, a yi shi fiye da ɗaya.

Na biyu bitamin D. Asalinsu tsaunukan Andis ne, mafi yawansu a Feru, sama da mita 3,500 inda rana ke dukan fata sosai. An kawo su ƙasar da rana ke leƙowa ta koma, ga gashi ya rufe jiki. Shi ya sa ake yi musu allurar bitamin daga kaka har bazara, musamman ƙanana da masu baƙin gashi. In ba haka ba sai ka ga ɗan yana tafiya a ƙage, baya a gantsare, ƙafafu sun fara lanƙwashewa.

Ku na Ontariyo kuna da wata matsalar da mu ba mu da ita, tsutsar da barewa mai farar wutsiya ke ɗauke da ita, wadda ke bi ta dodon koɗi ta shiga lakar dabba. Ka tambayi tsohon naka yaushe suke allurarta, ka rubuta a bango.

Jikan Manoma

Kowa ya tafi kan dabba an bar ganye, alhali shi ke kawo kuɗi a wannan lokacin. Ni ɗan Kura ne, a tumatir da albasar Kadawa na buɗe ido. A gida hunturu shi ne kakar mai lambu. Da na zo jihar Bamont ta Amurka na tarar abin a juye yake. Daga farkon Nuwamba zuwa farkon Fabrairu hasken rana bai kai awa 10 ba, ganye ba ya mutuwa amma ba ya ƙaruwa. Abin da ka shuka a Satumba shi kake tsinka, ɗakin ledar ya zama firji ne kawai mai rai.

Ranar farko na shiga da safe na ga alayyafon Turawa ya kwanta yaraf, ya yi baƙi-baƙi. Na ruga na gaya wa mai gonar an yi asara. Ta ce in dawo sha ɗaya. Na dawo na tarar ya miƙe kamar ba abin da ya faru. Dokar ita ce kada ka taɓa shi yana daskare, in ka yanka a haka ya zama miyar kuka kafin ka kai kasuwa. Karas ɗin da sanyi ya buga kuwa zaƙinsa sai ka ce an sa masa sukari.

Wahalar ita ce wanki. Ka wanke karas buhu uku da ruwan sanyi, yatsu su daina jin magana. Ni safar ulu nake sawa a ciki, ta roba a waje. Sai kuma daren da dusa ta sauka da nauyi, dole a tashi da tsintsiya mai dogon hannu a kakkaɓe ledar, don ƙarafan na iya durƙushewa. Ɓeraye ma sun san inda ɗumi yake.

Kashin da kake kwasa, Bakano, ka daina raina shi. Wuri ɗaya suke taruwa su yi, kamar masu bin layin banɗaki, ba sai ka bi saura kana tsinta ba. Shi ne takin ɗakin ledar baɗi.

Baƙon Dole

Ni nawa bai yi daɗi ba. Yarjejeniyar aiki a ba ka abinci da makwanci muka yi da masu gonar, aka ce awa biyar a rana. Ya koma tara. Makwancin tsohuwar motar kwana ce a bayan rumbu, hita ɗaya da ke mutuwa tsakar dare, har ruwan butata ya taɓa daskarewa a gefen gado. Kwana 23 na yi na tafi. Duk mai zuwa ya ce a nuna masa hoton ɗaki, a kuma rubuta awannin aiki kafin ya hau mota. Dabbobin kam ba ruwansu, har yau ina tuna gunjin nan da suke yi a hankali kamar mai ƙoƙarin tuno waƙa.

Bakano a Ontariyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Aunty Bazazzagiya, yau da safe na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓa baya. Goma sha uku lafiya, amma wata 'yar baƙa da aka haifa a Yuni ƙashinta ya soke ni a tafin hannu. Na gaya wa tsohon, ya zo ya taɓa da kansa, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Yanzu mun ware ta da uwarta a ƙaramin ɗaki, likita zai zo Alhamis. Tiyon kuma yana rataye a kicin kusa da murhu, matar gidan ta ce in ya ɗiga mata ruwa a ƙasa ni zan goge.