Ruwa a ƙirji da maganin tarin fuka bai taɓa ba: ko kansar asbesto ce?

Jami'in Lafiya Funtuwa:
Assalamu alaikum. Likitoci da ke zauren nan, ina neman haske. Dattijo ne da ya haura sittin, tsohon kafinta, ya daɗe yana yankan silin asbesto, wani ma'adini mai siraran zare da ake sakawa a kayan gini. Ruwa ya taru masa a gefen dama na ƙirji, an zuƙe sau biyu ya dawo, gwajin majina bai nuna tarin fuka ba, amma an ɗora shi a kan maganin tarin fuka har wata uku babu sauƙi. Yana rama, ga ciwo a haƙarƙari. Wani ya ambaci mesoteliyoma. Yaya ake tabbatar da ita, kuma me ake yi wa mai ita?

Dakta Ƙirji:
Wa alaikumus salam, Malam. Zaton yana kan hanya. Mesoteliyoma kansa ce ta siririyar fatar da ta lulluɓe huhu ta kuma shimfiɗe bangon ƙirji daga ciki. Zaren asbesto da mutum ya shaƙa ba ya narkewa, yana maƙalewa a wannan fata yana ta gurzarta, sai bayan shekara 20 zuwa 50 cutar ta bayyana. Shi ya sa ba a tambayar mara lafiya aikin da yake yi yau kawai, a tambaye shi abin da ya yi yana saurayi: silin, kwanon rufi na siminti, bututun ruwa na da, birkin mota, tukunyar tururi a masaƙa. A tambayi matarsa ma, domin mai wanke kayan aikin tana shaƙar ƙurar.

A wajenmu duk ruwan gefe ɗaya tarin fuka ne har sai an ga akasin haka, kuma sau da yawa daidai ne. Amma idan an yi wata biyu ana shan magani ruwa na dawowa, ciwo na ƙaruwa, to a daina jira.

Da farko hoton CT na ƙirji tare da allurar da ke haska jijiyoyi. Abin da ake nema shi ne fatar ta yi kauri fiye da santimita 1, ta yi ƙulle-ƙulle, ta zagaye huhun, ko ta kai gefen da ke kallon zuciya. Gefen ƙirjin kan tsuke. Gwajin ruwan da aka zuƙa shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, yakan fito babu komai alhali cutar na nan. Nama ake buƙata. Ko dai a ɗebo da allura ana kallo ta na'urar hoto, ko kuma, wanda ya fi, a shiga da kyamara ta tsakanin haƙarƙari a yanko daga wurare da yawa, da zurfi har kitsen da ke ƙarƙashi, don a ga ko cutar ta kutsa. A ɗakin gwaji sai an yi rini na musamman: calretinin, WT1 da D2-40 suna kamawa a mesoteliyoma, TTF-1 da CEA kuma suna nuna kansar huhu ce ta bazu zuwa fatar. Ba kowane ɗakin gwaji ke da waɗannan ba, a tambaya tun kafin a yanka, kuma a saka naman a fomalin, ruwan da ke adana shi, nan take. Rahoton ya faɗi nau'in: epitiliyod, wadda ta fi yawa kuma ta fi jin magani, ko sakomatod mai saurin ci, ko gaurayensu.

Hajiya Nas:
Ƙari a kan ruwan, don shi ke hana su barci. Kada a zuƙi fiye da lita 1.5 a zama ɗaya, kuma da zarar ya fara tari ba ƙaƙƙautawa ko ƙirji ya ɗaure, a tsaya. Huhun da ya daɗe a matse idan ya buɗe farat ɗaya yakan cika da ruwa shi kansa.

Zuƙa a kai a kai ba mafita ba ce: kowace huda ƙofar ƙwayoyin cuta ce, ruwan kuma yana rabuwa aljihu-aljihu har ya gagari allura. Bayan an zuƙe a sake hoto. Idan huhu ya buɗe ya taɓa bangon ƙirji, ana zuba hodar talk ta asibiti, giram 4 a ruwan gishiri mililita 50, ta bututun ƙirji, a toshe bututun na awa ɗaya zuwa biyu, fatun biyu su manne, ruwa ya rasa wurin zama. Tana da zafi sosai, a fara zuba lidoken, maganin kashe zafi. Idan kuwa kansar ta ɗaure huhun ya ƙi buɗewa, hodar ba za ta yi komai ba, asara ce kawai. Nan sai siririn bututu na dindindin da ake binnewa ƙarƙashin fata, a riƙa tsiyayewa a gida sau biyu ko uku a mako.

Dakta Kansa:
Malam Jami'i, a gaya wa iyalinsa gaskiya cikin taushi: magani yana ƙara kwana yana rage wahala, ba ya tumɓuke ta. Rai na hannun Allah, amma kada a sayar da gona a kan alkawarin warkewa.

Maganin da aka fi samu shi ne kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin kansa: pemetrexed miligiram 500 da cisplatin miligiram 75 a kan kowace murabba'in mita ta jiki, duk kwana 21, zagaye 4 zuwa 6. Binciken da aka buga a 2003 ya nuna matsakaicin rayuwa wata 12.1 da haɗin, wata 9.3 da cisplatin kaɗai. Inda ake yin ɓarna shi ne shiri. Mako guda kafin farawa a soma folik asid kullum, maikrogiram 350 zuwa 1,000, da allurar B12 maikrogiram 1,000 wadda ake maimaitawa duk mako 9. In an tsallake su ƙwayoyin jini su ragu, baki ya yi gyambo, gudawa ta sarƙe. Dexamethasone miligiram 4 safe da yamma, jajiberen allurar kemo da ranar da washegari, saboda ƙuraje. A auna ƙoda kafin kowane zagaye. Mai raunin ƙoda ko tsoho sosai a ba shi carboplatin maimakon cisplatin. Kuma a hana shi diclofenac da ibuprofen na kemis a kwanakin da ke kewaye da allurar, suna hana ƙoda fitar da pemetrexed.

Akwai magungunan tayar da garkuwar jiki, nivolumab da ipilimumab, waɗanda Amurka ta amince da su a 2020: matsakaicin rayuwa wata 18.1 a kan 14.1 na kemo, kuma ribar ta fi fitowa a nau'in da ba epitiliyod ba. Kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje, sannan garkuwar kan juya ta afka wa hanji, huhu, hanta ko maƙoƙo. Gudawa a mai shan su ba ta kemis ba ce, a koma asibiti ranar.

Tiyata fa? Masu neman fita Indiya ko Masar su ji wannan. Binciken MARS 2 na Birtaniya da ya fito a 2024 ya gano waɗanda aka ɓare musu fatar huhu tare da kemo sun rayu matsakaicin wata 19.3, masu kemo kaɗai wata 24.8, kuma matsalolin sun fi yawa a masu tiyata. A ganina wannan ya isa a daina ɗaukar wuƙa a matsayin babban gata. Ciwon haƙarƙari kuwa a ba shi mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, a kan lokaci, ba sai ya yi ihu ba, tare da maganin sassauta ciki tun ranar farko, don mofin na ɗaure ciki. Idan ciwon a wuri ɗaya yake, ƙona wurin da hasken na'urar kansa a asibiti na taimakawa.

Injiniya Gini:
Likitoci sun gama nasu, saura yaran shagonsa. Silin asbesto da ke zaune lafiya da fenti bai cika sakin zare ba. Fasawa, hudawa da yanka da giranda su ne masifar. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa mai ɗan sabulu, a zare ƙusoshi a sauke allon ɗungurungum, a naɗe a leda mai kauri ninki biyu. Ba shara da tsintsiya, sai tsumma mai laima. Takunkumin yadi ko na asibiti ba ya tare zaren, sai mai lamba P3 ko FFP3 da ya kama fuska, kuma gemu na hana shi kamawa. Kayan aikin kada su shiga gida. Ɓaraguzan ma kada a cike ramin layi da su, mota na niƙa su yara na wasa a kai. Mai shan taba a cikinsu ya bari: taba ba ta kawo mesoteliyoma, amma idan ta haɗu da asbesto tana ninka haɗarin kansar huhu ita kanta.