Lissafin kaya na jawo mini zagi a kanti, ina mafita?

Salamu alaikum ƴan uwa ƴan kasuwa. Ina tsaron kantin kayan masarufi kusa da kasuwar Dole, nan Damagaram. Maigidana yana sa jerin kaya a WhatsApp, in sun ƙare ba ya gogewa. Littafin magaza kuwa sai ya yi sati ba a buɗe shi ba. Shekaranjiya wani Alhaji ya taso tun daga Mirriya don buhu 5 na shinkafa, ya tarar da ɗaya tak. A gaban jama'a ya kira ni maƙaryaci, wai har kuɗin mota in biya shi. Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Maigida ya ce haka kasuwa take.

Yaya kuke daidaita littafi da magaza kullum? Me zan ce wa irin wannan Alhajin ba tare da na tona asirin maigidana ba?