Wanda ya sa wa mutum tururin nukiliya da gangan, wane laifi ne a kansa?

Mai hoton ƙashi, Gusau:
Assalamu alaikum. Aikina ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, na san abin da tururin nan ke yi wa jiki, shi ya sa muke sa rigar dalma. Tambayata ga masana shari'a: wanda ya ɓoye ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya ƙarƙashin kujerar wani don ya cutar da shi, da me za a tuhume shi? Ba jini, ba wari, ba a ganinsa. In ya yi yawa yana kisa cikin makonni, kamar Litvinenko, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, da aka zuba wa folonium-210, wani sinadari mai fitar da wannan tururi, a shayi a Landan a 2006, ya mutu bayan mako uku. In kaɗan ne kuwa, sai bayan shekaru masu yawa cutar kansa ke iya ɓullowa. Wannan na biyun ne ya fi damuna.

Barista, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. In ya mutu nan kusa, sashe na 221 na Final Kod, dokar laifuka ta Arewa, wanda ya shafi kisan kai, ya wadatar, hukuncinsa kisa. Wahalar tana wajen hujja. Wane likita zai rantse a kotu cewa kansar nan daga tururin ta fito? A Kudu ma dokarsu cewa ta yi in mutum bai mutu cikin shekara ɗaya da kwana ɗaya ba, ba a ɗora wa kowa kisansa. Ingila ta soke wannan ƙa'ida a 1996. A ganina a tuhume shi da yunƙurin kisa tun ranar da ya ajiye abin, kada a tsaya jiran ciwo. Mallakar ƙarfen ba lasisin hukumar NNRA, mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya, kuma laifi ne daban.

Malam, Ƙauran Namoda:
Barista ya yi gaskiya. A Malikiyya wanda ya shayar da guba da gangan har aka mutu, ƙisasi ne a kansa, kuma ban ga abin da ya raba wannan da guba ba. In bai mutu ba, alƙali yana da ikon ta'aziri, ya kamata ya tsananta.

Mai hoton ƙashi, Gusau:
Allah ya saka da alheri. Amma Malam, wanda aka cutar fa? Zai ƙare rayuwarsa yana zaryar gwajin jini, yana fargaba. Akwai diyya a kan ciwon da bai bayyana ba tukuna, ko kuɗin asibitin ma shi zai biya?